"ME YA SA KAKE SON WANNAN AIKI?": NASIHA GA MASU NEMAN AIKI DA MASU ƊAUKA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzurta tsuntsu a sheƙarsa da tururuwa a raminta, Wanda Ya san abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Kwanan baya, bayan an idar da sallar La'asar, wani saurayi daga cikin 'ya'yanmu na nan Ɗan Kassari ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da mu ya ciro wata takarda a ninke daga aljihunsa. Ya ce an kira shi Dogondutsi domin ganawa, wata ƙungiya mai aikin ruwan sha tana neman wanda zai riƙa zaga ƙauyuka yana duba rijiyoyi da famfuna. Wani abokinsa da ya zauna Yamai ya gaya masa cewa lalle za a tambaye shi abin da 'yan boko suke kira "motibasiyon", wato dalilin da ya sa yake son aikin, har ya rubuta masa amsa da Faransanci, shi kuwa ya haddace ta tsaf. Muka ce ya fassara mana. A cikin amsar an ce wai tun yana yaro ba shi da buri sai hidimar mutanen karkara, wai kuɗi ba su dame shi ba, wai ya fi son zaman ƙauye a kan zaman birni. Muka ce masa, "Ɗana, cikin waɗannan maganganu wacce ce gaskiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, gaskiyar ita ce hatsinmu na bana ba zai kai mu damina ba, baba ya tsufa, ni kuma ina son in yi aure. Amma in na faɗi haka ai ba za su ɗauke ni ba." Da ya ga ba mu yi masa faɗa ba sai ya ƙara da cewa, "Kuma Malam, na ji wani mai wa'azi a rediyo ya ce haramun ne mutum ya nemi muƙami. To, ni ina matsayina?"

Mun ga ya dace mu kawo wannan mas'ala a fili, domin ba shi kaɗai ta shafa ba. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna akwai sama da mutum 70,000 a ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, kuma mafi yawansu matasa ne. Iyayenmu sun san noma da kiwo da fatauci da cin rani zuwa Sakkwato, ko Legas, ko Kwatano, ko Abijan, kuma a can ba a tambayar ɗan ƙwadago abin da ke zuciyarsa, damtsensa ake dubawa. Yau kuwa 'ya'yanmu suna fitowa daga makarantar horon malamai ta Dosso, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, da Jami'ar Musulunci ta Say, suna zaunawa a gaban mutum uku ko huɗu a bayan tebur, ana ce musu su bayyana abin da ya kawo su. Al'ada ce da ta shigo mana daga waje, amma hukuncinta ba baƙo ba ne a shari'a.

Mu fara da tambayarsa ta biyu, domin ita ce ta fi tayar masa da hankali. Gaskiya ne akwai hani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Abdurrahman ɗan Samura (R.A.) neman shugabanci, ya sanar da shi cewa wanda aka ba shi shugabanci domin ya roƙa za a bar shi da kansa, wanda kuwa aka ba shi ba tare da roƙo ba za a taimake shi a kai. Haka nan Abu Musa Al-Ash'ari (R.A.) ya zo wajen Annabi tare da mutum biyu daga danginsa, su biyun suka nemi a naɗa su a wani muƙami, Annabi ya ƙi, ya bayyana cewa ba a ba da wannan al'amari ga mai roƙonsa ko mai kwaɗayinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ja kunne ƙwarai game da son shugabanci.

To, amma wannan magana a kan imara ce da wilaya, wato mulki da alƙalanci da riƙon wuyan jama'a. Neman aikin albashi kuwa yana ƙarƙashin babin ijara ne, wato jinga da ƙwadago, wanda duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Al-Ƙairawani ya ci karo da shi a babin ciniki: a san aikin, a san ladan, a san lokacin. Mai duba famfo, da malamin makaranta, da unguwarzoma a gidan likita, da direba, da mai gadi, dukkansu suna sayar da ƙarfinsu ne da iliminsu da lokacinsu, kuma babu laifi ga mai kaya ya kai kayansa kasuwa. Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labari, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan 'yan ƙiraɗai. Saboda haka kada wani ya kwanta a gindin bedi yana shan shayi daga safe zuwa Azahar, ya ce hadisi ne ya hana shi neman aiki.

Ko a babin muƙamin ma, ƙofar ba a rufe take ruf ba. Ku dubi Annabi Yusuf (A.S.) a aya ta 55 ta surarsa. Da ya tsaya gaban sarkin Masar, shi da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, kuma ya siffanta kansa da abu biyu: iya tsarewa da sanin aikin. Imam Al-Ƙurɗubi, babban malamin tafsiri na mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya ciro daga wannan aya cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da yake da shi na ilimi da cancanta idan buƙata ta kama, kuma ya nemi aikin da ya san in bai riƙe shi ba haƙƙin mutane zai tozarta. Mu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005, mun san ma'anar a ce shekara bakwai na fari suna tafe, mun kuma san abin da ke faruwa da bankin hatsi na ƙauye idan mabuɗinsa ya faɗa hannun wanda bai iya lissafi ba, ko wanda ya iya lissafin amma ba ya tsoron Allah. Da Annabi Yusuf ya yi shiru saboda kawaici, da wa zai tsare hatsin Masar?

A nan ne muke da wata matsala ta musamman, mu Hausawa. An yi mana tarbiyya a kan kunya, muna cewa yabon kai jahilci. Yaron kirki a Arewa ba ya ɗaga ido ya dubi babba, balle ya ce "na iya". Wannan tarbiyya abin alfahari ce, kuma Alƙur'ani a aya ta 32 ta Suratun Najmi ya hana mu tsarkake kawunanmu. Sai dai a lura, abin da aka hana shi ne mutum ya yi da'awar taƙawa da tsarkin zuciya, ya ce shi na Allah ne. Amma mutum ya ce, "Na yi shekara biyu ina riƙe da littafin kuɗin famfon unguwarmu, ko dala ba ta ɓata ba, ga shugaban kwamiti a tambaye shi," wannan shaida ce ya bayar a kan kayan da ake son saye, ba fariya ba ce. Mun ga yara masu hazaƙa sun rasa aiki domin an tambaye su sun yi ta kallon ƙasa suna cewa "to, Allah dai Ya sa mu dace", wani mai zaƙin baki wanda bai kai su ba ya karɓe. Wannan ba tawali'u ba ne, ɓoye shaida ne, kuma jama'ar da za a yi wa aikin su ne suke asara.

Yanzu mu komo kan takardar da ke aljihun yaron nan, domin a nan haɗarin yake.

Me ya sa yake ganin abin kunya ne ya ce yana son albashi? Wa ya gaya masa cewa neman abin ciyar da iyaye ƙaramar niyya ce? Bukhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam (R.A.) cewa Annabi ya fifita mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar, ya kare mutuncinsa, a kan ya roƙi mutane. Ya kuma gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) cewa duk abin da ya ciyar domin neman yardar Allah yana da lada a kai, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Sayyidina Abubakar (R.A.), da aka naɗa shi Halifa, ya faɗa a fili cewa sana'arsa tana isar iyalinsa, amma tun da al'amarin Musulmi ya shagaltar da shi, iyalinsa za su ci daga baitulmali. Sayyidina Umar (R.A.) kuwa, da ya ji cewa Abdullahi ɗan Sa'adi yana yi wa jama'a aiki yana ƙin karɓar ladansa, sai ya umarce shi da ya karɓa, ya gaya masa cewa shi ma ya taɓa yin haka Annabi ya ce ya karɓa. In waɗannan ba su ji kunyar albashi ba, mu su wa? Wanda ya fita neman aiki domin ya cika rumbun tsohonsa, ya biya wa ƙannensa kuɗin littafi, ya yi aure ya tsare kansa daga alfasha, wallahi niyyarsa ta fi ta wanda ya haddace kalmomin hidimar al'umma alhali zuciyarsa na kan babur ɗin da za a ba shi.

Kuma ku dubi Annabi Musa (A.S.) a Suratul Ƙasas. Ya iso ruwan Madyana a gajiye, baƙo, ba guzuri. Ya tarar da mata biyu suna tsare dabbobinsu a gefe saboda cunkoson makiyaya, ya shayar musu, ya koma inuwa ya kai kukan buƙatarsa ga Ubangijinsa, bai ɓoye cewa shi mabuƙaci ne ba. Da ɗaya daga cikin matan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, dalili biyu ta kawo, a aya ta 26: ƙarfi da amana. Ba ta ji jawabi daga bakinsa ba, ta ga aikinsa ne a bakin rijiya, ta kuma ga halinsa. Daga nan aka yi sharaɗi a fili, shekara takwas, in ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, a kan waɗannan siffofi biyu ya gina maganarsa game da naɗa ma'aikata a littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya. Idan aka tambaye ka dalilinka, ya kai mai neman aiki, to, ka zagaya nan: me ka iya, kuma me za a iya damƙa maka a koma a yi barci.

Amma ƙarya, babu wata ƙofa da aka buɗe mata a nan. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya tura hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Kowa a cikinmu ya san takaicin sayen buhun wake, a sama fari tas, a ƙasa duk ƙwari sun cinye. To, wanda ya ce yana son zaman ƙauye alhali tun kafin a ba shi aikin ya fara neman wanda zai yi masa hanyar komawa Dosso ko Yamai, buhun waken nan ne ya sayar. Suratus Saffi ta buɗe da zargin muminai a kan faɗin abin da ba sa aikatawa, kuma alamomin munafuki uku da suka zo a Bukhari da Muslim, wato ƙarya a zance, da saɓa alkawari, da cin amana, mutum yana iya tara su duka a cikin minti goma na ganawar ɗaukar aiki.

Kada a ce ai magana ce kawai ta fatar baki, kowa ma haka yake yi. A je a tambayi iyayen yara a ƙauyukan da ke nesa da kwalta, wajen Lugu ko cikin dajin Dogon Kiriya, abin da wannan fatar baki take jawowa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasarmu ta dogara ƙwarai da malaman kwantaragi domin cike azuzuwa. A cikinsu akwai bayin Allah da suka yi haƙuri da rumfar zana, da nisan ruwa, da jinkirin biyan ɗan abin da ake ba su, suka karantar da 'ya'yanmu tsakani da Allah, kuma muna roƙon Allah Ya saka musu. Amma akwai wanda ya shiga koyarwa kawai domin ya rasa abin yi, ya ce yana son yara alhali ba ya son su, yana zuwa Talata ya gudu Alhamis. Da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawar tantancewa a 2017, an ga dubbai da ba su mallaki abin da suke koyarwa ba. Yaron da ya yi shekara shida a lakkol ya fito bai iya rubuta sunansa ba, wa zai biya shi shekarunsa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Albashin da aka karɓa a kan aikin da ba a yi ba, ba ya zama halal don an sa hannu a takarda.

Akwai kuma wanda ba maƙaryaci ba ne, amma bai san kansa ba. Abu Zarri (R.A.), wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe, ya nemi Annabi ya ba shi aiki, Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, aikin kuwa amana ce, kuma abin nadama ne ranar Alƙiyama sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke nauyinsa. Muslim ne ya ruwaito. Kyakkyawar niyya ba ta gyara famfo, ba ta yin allura. In ba ka iya abu ba, ka ce ba ka iya ba amma kana iya koyo. Masu ɗaukar aiki da suka daɗe a kujerar nan sun ji haddar "motibasiyon" sau ɗari, kalma ɗaya daga bakin mutum ashirin, kuma labarin zuciya a tambayi fuska.

Sa'an nan ku masu zama a bayan tebur, da yawanku kuna cikin sahun da muke salla tare. Ku ji tsoron Allah a kan talakan da ke gabanku. Idan kun riga kun ba ɗan wane aikin tun daren jiya, don me za ku sa yara talatin su ci bashin kuɗin mota daga Matankari da Tibiri da Kore Mairuwa, su kwana a tasha, ku yi musu tambayoyin wasan kwaikwayo? Idan yaro ya gaya muku gaskiya cewa buƙata ce ta kawo shi, ku kuka murtuke fuska kuka fifita mai hadda, to, ku ne kuke koya wa 'ya'yan Musulmi ƙarya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito la'anar Annabi a kan mai ba da rashawa da mai karɓa, kuma ƙissar Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da ya dawo yana ware abin da ya ce kyauta aka ba shi, ta isa hujja cewa "goro" da "na gode" da ake kai wa ma'aikaci saboda kujerarsa ba kyauta ba ce. An kafa HALCIA a 2011, an kafa COLDEFF a 2023, amma kafin su duka akwai mala'iku biyu da ba sa zuwa hutu. Mafi muni shi ne wanda yake neman 'yar mutane da lalata kafin ya sa sunanta a takarda. Muna kira ga 'ya'yanmu mata da duk aka yi wa irin wannan tayi, su tashi su bar wajen, su sanar da iyayensu, iyaye kuma kada su rufe maganar saboda kunya. Kuma idan kun ɗauki mutum, ku faɗa masa ladansa a fili, ku biya shi a kan lokaci. Doka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 42,000, kuma a hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah da kanSa ne abokin shari'ar wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa.

Shi kuwa yaronmu, mun zauna da shi har aka kusa kiran Magariba. Muka ce ya ajiye takardar, ya ba mu labarin abin da ya taɓa yi da hannunsa. Ashe shekara uku yana taimakon mai gyaran famfon garinsu, ya san sunan kowane ƙarfe a ciki. Ashe ƙanwarsa ta taɓa kwanciya a gidan likita saboda gudawa a shekarar da famfon ya lalace suka koma shan ruwan tabki, kuma har yanzu abin yana masa ciwo. Duk wannan babu shi a cikin amsar da abokinsa ya rubuta masa. Muka ce, "To, ɗana, ga dalilinka nan, kana tafe da shi ba ka sani ba. Ka gaya musu kana buƙatar aikin domin ka riƙe gidanku. Ka gaya musu abin da ka iya da wanda zai shaide ka. Ka gaya musu labarin ƙanwarka. In sun tambaye ka ko za ka zauna a ƙauye, ka faɗi iyakar shekarun da ka san za ka iya cikawa, kada ka ƙara ko wata ɗaya." Ya ce, "Malam, in kuma suka ƙi ni fa?" Muka ce masa ya yi sallar istihara a daren, ya nemi albarkar iyayensa kafin ya fita, ya gyara niyyarsa tun daga ƙofar gida, domin hadisin niyya da Imam Bukhari ya buɗe littafinsa da shi bai keɓe masallaci ya bar ofis ba. Washegari da sassafe muka hango shi a bakin kwalta da farar rigarsa a goge, yana jiran motar Dogondutsi.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.